Kakar da Na Ɓoye

Tun da na dawo daga Malesiya ban samu sakat ba. Wadda ta zo barka da sauka sai ta gyara zama ta ce in ba ta labari, wadda muka haɗu a gidan gaisuwa sai ta matso ta ce wai da gaske ne shinkafa suke ci tun da safe. Na gaji da amsa ɗaya-ɗaya. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi sallah, don haka na zaunar da maƙwabciyata Malama Hauwa na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Akwai abin da za ku ji a ciki wanda ba shi kuka tambaya ba. Na riga na yanke shawarar faɗarsa.

Abin da ya kai ni jego ne. Autana Nuhu yana can shekara huɗu yana karatun digirin ƙarshe, gwamnati ce ta tura shi. Matarsa Rukayya ta samu cikin fari, mahaifiyarta kuwa ta rasu, babu mai yi mata wanka. Aka ce ni zan je, ban yi musu ba. Ana sauran kwana uku in tashi Nuhu ya kira ni, ya ce hoton asibiti ya nuna mace ce.

"Inna, har na zaɓi suna. Aminatu, sunan kakarki da ta raine ki."

Na ce Allah ya raba lafiya, na kashe wayar.

To, ni ba ni da wata kaka Aminatu. Wadda ta raine ni Bamaguziya ce, uwar ubana, a wani ƙauye bayan Ƙaraye. Ubana ya musulunta yana saurayi, uwata ta rasu ina ƙarama, ya kai ni wurin tsohuwarsa na zauna har na kai shekara goma sha ɗaya. Da ya dawo da ni Kano ya ce kada in ƙara ambatonta, na kuwa bi. Ta rasu ban je gaisuwa ba. Lokacin da za a nema wa Nuhu auren Rukayya, gidansu gidan malamai ne masu bin asali, ƙanin marigayi mijina ya zo ya tambaye ni me zai ce game da dangin ubana. Bakina ya ce Malama Aminatu, mai koya wa matan ƙauye karatu. Na ɗauka magana ce ta rana ɗaya. Ashe yaron ya riƙe ta. Da wannan nauyin na hau jirgi: ko dai in bari a yanka wa jikata rago da sunan matar da ba a taɓa haifa ba, ko in buɗe baki ɗana da surukansa su san na yi musu ƙarya.

Daga Kano muka tashi. An haɗa ni da wata 'yar Gombe da za ta je wurin mijinta, aka ce ta kula da ni, ƙarshe ni na kula da ita, don tun kafin jirgi ya daidaita a sama take amai. Da aka kawo abinci na ce ta tambaya ko naman yankan Musulmi ne. Ma'aikaciyar ta ce eh tana murmushi. Ban yarda da murmushin ba, na ci burodin na bar naman. A Habasha muka sauka muka jira wani jirgin kusan rabin yini. Nan na haɗu da matakalar nan mai tafiya da kanta. Na tsaya na kalli mutum goma sun hau, na ga yadda suke ajiye ƙafa, sannan na hau lafiya lau. 'Yar Gombe da ta ce ta saba, ita ce gefen hijabinta ya maƙale. Banɗakinsu kuma babu buta. Tawa tana cikin jakar hannu, wadda yarana suka yi ta yi mini dariya a kanta a gida, sai ga mata uku sun yi layi suna jiran aro.

Da muka sauka Kuala Lumpur, tun kafin a duba fasfo wani mai ƙyalle a baki ya ɗora mini abu kamar bindiga a goshi. Na ja da baya na ce lafiya? Aka ce zafin jiki ake aunawa, saboda wata mura da ta ɓulla. A lokacin ba wanda ya ɗauke ta da girma. Wurin duba kaya aka buɗe buhuna. Kuka da kuɓewa busasshiya suka wuce, gero ya wuce, da aka zo kan kanwa sai aka tsaya. Wata ma'aikaciya mai ɗankwali ta ɗaga dunƙulen tana jujjuyawa, ta kira wani, shi ma ya kira wani. 'Yar Gombe ta rasa Turancin kanwa. Da na ga abin zai yi tsawo sai na karɓa na gutsura na sa a baki, na nuna ciki, na yi alamar goyo. Matar ta gane. Daddawa kuwa tana kwance ƙullin ta kau da kai, ta sake shinshinawa, ta yi dariya ta ce su ma suna da irinta, da ƙananan halittun ruwa suke yi. Ta ɗaure mini da kanta.

Nuhu ya rame, gemu ya yi yawa. Abin da na fara lura da shi bakinsa ne: kalma biyu Hausa, uku Turanci, ya ƙare da "lah". Na ce in da ni yake magana ya zaɓi harshe ɗaya. Unguwarsu Setapak, gidan sama hawa na goma sha huɗu, ɗaki biyu da falo. Ba tsakar gida, ba inda za a hura wuta, shanya ma a wata 'yar baranda ake yi wadda in ka leƙa ƙasa kanka ya juya. Zafin garin jiƙaƙƙe ne, gumi ba ya bushewa, kusan kullum bayan azahar sai an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Abin da na yaba musu, ba mai shiga gidan mutum da takalmi, kuma yaro in zai gaishe da babba sai ya sunkuya ya kai hannun babban goshinsa. Namu na can kuwa, 'ya'yan ɗalibai, ka ce musu ina kwana su amsa da Turanci suna tsaye ƙiƙam. Abin da ban yaba ba, sukari a miya. Shinkafar safen gaskiya ce, da ruwan kwakwa ake dafa ta, a sa gyaɗa da ƙananan kifi da yaji mai zaƙi, a naɗe a ganye. Ban so ta ba sai a mako na biyu. Mata kuma da hijabinsu suke tuƙa babur, ba mai ko waiwayensu.

Sau ɗaya Rukayya ta kai ni kasuwar Chow Kit, da cikinta niƙi-niƙi. Ƙasa jiƙe, cunkoso kamar Kurmi, ga kuɓewa ɗanya, ga rogo, ga kan saniya a jere. Na taya kifi da yatsu, mai kifin ya ce "boleh", Rukayya ta ce ya sallama ke nan. Wani ya miƙo mini ɗanɗanon wani ɗan itace mai ƙaya da suke ji da shi, warinsa kamar an bar albasa ta ruɓe a ɗaki. Na karɓa don kada in kunyata shi, na riƙe a hannu har muka fita.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwar Ba'indiya ce, ita kaɗai take zaune, su Rukayya suna ce mata Anti. Kullum da safe sai ta tsuguna ta yi zane da garin shinkafa a bakin ƙofarta. In ta bar ƙofar a buɗe kana hango gumakanta a kan wani ɗan dandamali, da fitila da furanni. Tana gaishe ni, ina amsawa da kai, ina wucewa ina neman tsari. Ba don ta yi mini komai ba. Yadda take tsugunawa ne, da yadda take magana da abin bautarta ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa yaro faɗa, yake tuna mini wadda ba na son tunawa.

Ban cika wata ba aka rufe gari saboda murar nan da ta zama annoba. Ba masallaci, ba makaranta, ba jirgi. Aka ce mutum ɗaya ne zai riƙa fita cefane a kowane gida, maigida. Nan mazan ƙasar suka shiga uku, namu ma bai tsira ba. Na aiki Nuhu citta ya kawo wata saiwa mai kama da ita, na aike shi alayyahu ya kawo ganyen da har yau ban san sunansa ba. Yana dawowa Rukayya ta tsayar da shi a ƙofa ta feshe ledojin, shi kuma ya wuce wanka.

Zaman ya yi yawa. Wata rana bayan la'asar na ce da shi, shekara huɗu yana nan, ya gaya mini abin da yake karantawa, in ji ko ya kai a bar gida dominsa. Ya ce tarihin Makka ne kafin zuwan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Na ce wannan ai jahiliyya ce, me za a karanta a ciki? Ya ɗauko littafin da yake rubutawa, ya ce bari ya fara mini daga shafin farko, ya fassara: ya sadaukar da aikin ga kakar mahaifiyarsa, Malama Aminatu, wadda ta koyar da mata a inda babu makaranta. Ya ɗago yana jiran in ji daɗi. Na ce ya wuce gaba.

Daga ranar kullum bayan la'asar sai ya karanta mini, Rukayya tana kwance a doguwar kujera tana ji. Ya fara da Annabi Ibrahim da ya ajiye Nana Hajara da jaririnta a kwarin da ba shuka ba ruwa. Wannan kowa ya sani. Abin da ban sani ba shi ne na bayansa. Wai wata ƙabila da ake kira Jurhum suna wucewa suka hango tsuntsaye suna shawagi, suka ce lallai akwai ruwa a wurin. Suka zo suka tarar da mace ita kaɗai da ɗa, suka nemi izinin zama. Ta ce su zauna, amma ruwan nata ne. Na ce ya maimaita mini nan wurin. Baƙuwa, ba miji kusa, ta kafa wa ayarin maza sharaɗi, suka kuma bi. Na ce da Rukayya ta ji da kyau.

Sai na tambaye shi, mutanen da suka gaji ɗakin da Annabi Ibrahim ya gina, ta ina gumaka suka shigo musu? Ni a zatona rana ɗaya suka tashi suka kafirce. Ya ce a hankali ne. Masu tarihi sun ce da garin ya yi musu kaɗan, duk wanda zai yi ƙaura sai ya ɗauki dutse daga Harami saboda begen gida, inda ya sauka ya ajiye shi ya riƙa zagaya shi kamar yadda ake zagaya Ka'aba. 'Ya'ya suka taso suka ga iyaye suna yi. Jikoki suka taso ba su san dalili ba, dutsen kawai suka sani. Daga baya wani shugabansu ya je Sham ya ga gunki ya ɗauko ya kafa, saura suka biyo.

Kakata tana da dutse a gindin tsamiya, baƙi, bai fi a rungume shi da hannu ɗaya ba. In za a fara shuka takan zuba masa farau-farau, wani lokaci jinin kaza. Na taɓa tambayarta mene ne shi, ta ce kakanta ne ya zo da shi daga inda suka taso, ita ma ba ta san ko ina ne ba.

Nuhu ya ci gaba kwana da kwanaki. Ya ce duk da gumakan ba su yar da komai ba. Suna hajji, suna ajiye makami a watanni masu alfarma, kuma shayar da alhazai da ciyar da su sarauta ce da ake gado, har ana rigima a kanta. Hashimu a shekarar yunwa ya marmasa gurasa a romo ya ciyar da gari. Abdulmuɗɗalibi, kakan Annabi, shi ya haƙo Zamzam bayan ta daɗe a binne har an manta wurinta, shi ne kuma ya ce wa mai rundunar giwa ya ba shi raƙumansa, ɗakin kuwa yana da Ubangijinsa. Na ce to binne 'ya'ya mata fa? Rukayya ta dafa cikinta. Ya ce an yi, ba ƙarya, amma ba kowa ba, har akwai waɗanda suke ba da raƙumansu su fanshi jariran.

Na ce mu dai abin da muke ji a wa'azi, jahiliyya duhu ce ƙirin.

"Duhu ce, Inna. Amma akwai mutane a cikinta."

Wata rana ya lissafa mini kakannin Annabi da ka, ɗaya bayan ɗaya har zuwa Adnanu, yana ƙirgawa da gaɓoɓin yatsu. Na tambaye shi ko duk waɗannan a kan hanya suka mutu. Ya ce malamai sun yi dogon bayani, shi ba zai yanke ba. Abin da ya sani, ba a taɓa cire sunan wani a jerin an sa na wani ba. Na kalle shi sosai ko da ni yake. Ba da ni yake ba, takardarsa yake kallo.

Naƙuda ta zo da hantsi. Ba a bar ni na bi su ba, shi ma a bakin asibitin aka tsayar da shi. Yarinyar nan ita kaɗai ta haihu a hannun baƙi masu rufaffiyar fuska. Kwana biyu aka sallamo su, jaririya ja-jawur da gashi cike da kai.

Sai maganar wanka. Ba itace, ba babbar tukunya, da tukwanen miya biyu da butar lantarki nake haɗa ruwan. Likita ta ce kada a yi da tafasasshe, muka yi ciniki da Rukayya muka tsaya a tsakiya. Na ji ma matan ƙasar suna nasu jegon na kwana arba'in da wani abu, suna ɗaure ciki suna gasa shi da dutse mai ɗumi, na ce ashe suna da hankali. Abin da na rasa ganye ne. Wanka ba darbejiya ba tsamiya, ai jiƙa jiki ne kawai. Nuhu ya zaga inda aka yarda ya zaga bai samo ba.

Da safe na buɗe ƙofa zan ajiye shara, sai ga darbejiya ɗanya shar an rataye a saman ƙofar Anti. Wai su haka suke yi in annoba ta shigo. Na tsaya ina kallo har ta buɗe. Na nuna ganyen, na nuna ɗakinmu, na yi alamar fyaɗa ruwa a jiki. Ta girgiza kai irin tasu wadda ba ka sanin eh ce ko a'a, ta koma ciki. Kafin azahar an ƙwanƙwasa, na tarar da dami guda a bakin ƙofa, ita tana can nesa da ƙyalle a baki. Rukayya ta ce bishiyar a jikin ɗan ɗakin bautarsu take, can ƙasan benen. Na tambayi Nuhu ko ya halatta. Ya ce bishiya ta Allah ce, ba gunki ya shuka ta ba. Kullum sai Anti ta sauka ta karyo, da ciwon gwiwarta, ta ajiye ta koma.

Ranar kwana huɗu, na gama yi wa Rukayya wankan safe, ɗakin duk ƙamshin ganyen, ina dama kunun kanwa. Nuhu ya shigo yana cewa ya yi waya da Malam, mahaifin Rukayya, a can Kano za a yanka ragon, ya kuma gaya masa sunan da dalilinsa. Na ajiye ludayin. Na ce su zauna su biyun.

"Babu wata Malama Aminatu. Ni na ƙirƙire ta. Wadda ta raine ni sunanta Gwamma, Bamaguziya ce, giya take dafawa, kuma a kan tsafinta ta mutu."

Shekara hamsin da wani abu rabon da sunan ya fito daga bakina. Nuhu ya kalle ni. Ya ce, "Inna, har a littafina na sa ta." Na ce na ji, ai shi ya karanta mini. Ya tashi ya fita baranda ya ja ƙofa.

Rukayya ba ta ɗago ba, tana ba yarinya nono. Can ta ce, ita Gwamma wace iri ce? Ban shirya wa wannan tambayar ba. Na ce gajera ce, baƙa, mai faɗa. Gonarta ta fi ta mazan gidan. Ta keɓe mini tukunyata da ƙwaryata, ba ta yarda a zuba giya a ciki, duk wanda ya taɓa sai ya ji bakinta. In azumi ya zo ita ke tashina sahur, ta zauna tana gyangyaɗi har in gama, alhali ita ba ta yi. Ranar da ubana ya zo ɗaukata ta raka mu har bakin rafi, ba ta yi kuka ba, ta ce in riƙa rufe kaina in ina cikin mutanen birni. Rukayya ta ce, "Allah sarki."

Kwana biyu Nuhu yana gaishe ni, yana cefane, ba ya haɗa ido da ni. Karatun la'asar ya tsaya. Ana gobe suna na ce ya kira mini Malam, ni zan gaya masa da bakina. Tun da aka yi auren ban taɓa magana da shi ta wuce gaisuwa ba. Muka gaisa, muka yi wa juna barka, muka jajanta annoba, sannan na faɗa masa kamar yadda na faɗa wa yaran, na ce in akwai laifi nawa ne, Nuhu bai sani ba.

Ya saurare ni har na gama. Sai ya yi gyaran murya.

"Hajiya, ai mun sani. Mu ba ma ba da 'ya sai mun aika."

Ya ce tun lokacin ya tura ƙaninsa har ƙauyen, ya zauna da tsofaffin wurin. Su suka ba shi labarin cewa duk kaka tsohuwar takan ɗauki damin dawa a ka ta kai wa limamin garin da ke gaba da su, don ya koya wa jikarta sallah. Ya ce da ya ji haka sai ya ce a ba su.

Ni na san ina zuwa gidan liman, na san shi ya koya mini Fatiha da alwala. Duk tsawon rayuwata na ɗauka ubana ne ya shirya. Na ce da Malam to me ya sa ba su taɓa nunawa ba.

"Ke ba ki faɗa ba, mu ne za mu faɗa?"

Washegari aka yi suna. Safiyar Kano azahar ɗinmu ce. Mu huɗu a falo har da jaririyar, waya a jingine da kofin shayi, muna kallon rago ana kayar da shi a ƙofar gidan Malam, mutane ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Malam ya sake tambayar Nuhu sunan. Ya ce Aminatu, sunan mahaifiyar Annabi. Aka shafa fatiha. Na zuba wa Anti shinkafa da miya ba nama, don ba ta ci, na kai bakin ƙofarta na ƙwanƙwasa, na tsaya har ta buɗe.

Azumi ya kama, Nuhu bai dawo da karatun ba. Na bar shi. Shi kaɗai ne a cikinmu aka ɓoye wa gaskiyar, kuma shi ya fi kowa yarda, dole ya ji ciwo. Sai wajen goman tsakiya, bayan la'asar, ya fito da takarda da biro ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ba a kujera ba.

"Inna, Gwamma 'yar wace ce?"

Na ce 'yar Nomau. Ya rubuta. Nomau ɗan wa? Ɗan Ranau, shi ne wanda ya zo da dutsen. Ya tambayi wane dutse, na gaya masa. Ya ajiye biron ya daɗe bai ɗauka ba. Ranau ɗan wa? Na ce nan sanina ya tsaya, kuma waɗanda za a tambaya sun ƙare. Ya ce da na faɗa da wuri da an samu. Na ce gaskiya ne.

Na tambaye shi abin da ya fi damuna, ko zan iya roƙa mata gafara. Ya ce ba zai ce mini eh ba, bai isa ba, ni ma na san ta ji kiran Musulunci tun da ɗanta ya amsa. Amma ba wanda ya hana a faɗi sunanta da abin da ta yi, sauran kuma Allah ya fi mu saninta. Ba amsar da na so ba ce. Na karɓa, don ban tura shi karatu ya riƙa gaya mini abin da nake so ba. Kafin sallah ya sake shafin farkon ya karanta mini. Layi biyu ne: ga Gwamma 'yar Nomau, wadda ta ɗauki dawa a ka don jikarta ta iya sallah.

Wata uku na je yi, na yi kusan bakwai. Sai bayan babbar sallah aka samu jirgin da ke kwaso waɗanda suka maƙale. Aka zura mini tsinke a hanci har sai da na yi hawaye, a can sau ɗaya, a nan sau ɗaya, aka kuma ce in kulle kaina a ɗaki in na iso. Anti ta rako ni bakin lif, muka tsaya nesa da juna, kowa ta faɗi abin da za ta faɗa da harshenta. Aminatu na baro ta tana koyon zama.

Shinkafar safe dai gaskiya ce, na amsa muku. Sauran kuwa, ku da muka yi shekara talatin muna zama tabarma ɗaya a biki da gaisuwa, wasunku na sha jin abin da kuke faɗa in Maguzawa sun shigo kasuwa da itace, ina zaune ina jinku ban taɓa tankawa ba. Ni jikar Gwamma ce, 'yar Nomau ɗan Ranau. Wadda za ta fasa zuwa gidana saboda haka ta fasa. Wadda za ta zo kuma, in za ta yi irin maganar nan, ta bar ta a waje tare da takalminta.